Muhawarar dusa a zauren WhatsApp na Ƙofar Soro

Abban Khadija: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Na ce a gida a rage surfen gero, a bar ɗan dusa a jiki, sai aka mayar da ni abin dariya. Alhali dusa da ɓawon wake da ganye ba sa narkewa a ciki, sai sun isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya masu amfani su sarrafa su, su fitar da sinadarai dangin mai. Ɗaya daga ciki, butiret, shi ne babban abincin bangon hanji, shi ke sa ya haɗe gam kada datti ya tsallaka cikin jini. Ita ma ƙwaƙwalwa tana da irin wannan katanga. A 2014 masu bincike a Suwidin sun ga ɓerayen da babu bakteriya a hanjinsu katangar ƙwaƙwalwarsu na yoyo, da aka ba su butiret ta gyaru.

Hajiya Yaya: Ɗan nan, dusa fa ka ce? Tun tasowata akuya na san ana dama wa dusa.

Abban Khadija: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ɗan kaɗan nake nufi.

Maman Iman: Kai za ka sha furar? Ran da aka kawo maka tuwo baƙi mai ƙaiƙayin maƙogwaro kai ne farkon mai ƙorafi. Maza ba ku san zafin turmi ba.

Baban Sadik: Wane turmi? Yau shekara nawa inji ke muku surfe?

Maman Iman: Wa ke wankewa, wa ke shanya, wa ke tankaɗe?

Na Daura: Kakana bai taɓa shan furar da ba a surfa ba, kuma har ya rasu hankalinsa garau. Mu a Daura fura fara tas muka gada.

Baban Sadik: Ku da nononku rabi ruwa?

Na Daura: Ka janye wannan, Malam.

Mai Kemis: A ɓera aka gwada dai, ba a mutum ba. Mai kumburin ciki ya zo shago.

Abban Khadija: Ko wake da zogale da miyar kuka sun wadatar, a bar maganar dusar. Ana ji na kuwa?

Shugaban zaure: To, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda abincin iyayenmu ya fi taliyar leda, kuma furar Katsina ba ta da na biyu. Dusa a bar wa masu kiwo, kamar yadda Hajiya ta faɗa. Na Daura ya fita daga zaure, mai lambarsa ya ba shi haƙuri.