Da kuka binciki kanku a gaban Allah, me kuka tarar?

Mai buɗe zance:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. A 1 Korintiyawa 11:28 Bulus ya ce kowa ya gwada kansa kafin ya matso teburin Ubangiji. Duk sa'ad da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ya gabato nakan zauna in yi wannan bincike, amma kullum kasawata kaɗai nake lissafawa, in tashi zuciyata a karye. Ina so in ji daga bakinku. Da kuka duba kanku tsakani da Allah, me kuka gani, na ƙarfi da na rauni? Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi.

Wata uwa daga zumuntar mata:
Ɗana, ni baiwata hidima ce, kowa ya shaide ni da ita. Ni ce farkon zuwa, ni ce ƙarshen tashi. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, hannuna na aiki, zuciyata kuma na ƙirga waɗanda ba su zo ba. Sai in koma gida da ɓacin rai, in kasa ko addu'a. Wata rana ana karanta Luka 10, inda Marta ke ta hidima 'yar'uwarta kuwa na zaune tana sauraron Yesu, na ji kamar da ni ake. Na lura Yesu bai hana Marta hidima ba, damuwarta da yawan ɗawainiya ya taɓa. Kuma Martan nan ce, a Yahaya 11:27, ta furta da bakinta cewa shi ne Almasihu Ɗan Allah. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ban daina hidima ba, amma da na ji ƙorafi na tasowa, nakan ajiye aikin in yi shiru gaban Ubangiji tukuna.

Wani matashi:
Mama, na gode. Nawa akasin naki ne. Ina da nauyin baki, in aka ce in yi addu'a a taro sai gumi ya karyo mini. Na daɗe ina ganin ba ni da wani amfani a ikilisiya. Wani dattijo ne ya kira ni ya ce, "Ka lura duk wanda ke cikin damuwa a cikin matasa wurinka yake zuwa?" Ban taɓa ɗaukar sauraro a bakin komai ba. Ya tuna mini da Musa, wanda ya ce wa Allah shi ba mai iya magana ba ne, da Barnaba, wanda manzanni suka yi wa laƙabi da ɗan ƙarfafa zuciya. Yanzu ina cikin masu ziyarar marasa lafiya. Har yau ban iya jawabi ba.

Wani magidanci:
Bari in ja hankalinmu kan abu ɗaya, don ni ya taɓa ci na. Ina da saurin fushi, kuma na daɗe ina fakewa da 2 Korintiyawa 12:9, wai ikon Allah a cikin rauni yake cika. Maiɗakina ce ta ce mini, "Maigida, Bulus roƙo ya yi sau uku a cire masa ƙayarsa, kai ka taɓa roƙo ko sau ɗaya?" Na rasa amsa. Akwai raunin da mutum zai ɗauka da haƙuri, kamar ciwo ko nauyin bakin ɗan'uwanmu, akwai kuma wanda sunansa zunubi, tuba yake bukata. Yakubu 1:20 bai bar mini mafaka ba: fushin mutum ba ya aikata adalcin Allah.

Wani dattijon ikilisiya:
'Ya'yana, abin da na gani a maganganunku shi ne, kusan kowa wani ne ya nuna masa. Haka ma ni. Ina da tsari da riƙon amana, shi ya sa komai nakan riƙe a hannuna, ban yarda wani zai yi daidai ba. Matasa suka ja da baya, ni kuwa ina cewa ba su da himma. Fastonmu ya zaunar da ni da Fitowa 18, inda Yetro ya gaya wa Musa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'a. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce. Kai da ka buɗe zancen, Romawa 12:3 ta hana mu ɗaukar kanmu fiye da kima, sai dai bawan da ya binne talantinsa a Matiyu 25 ma bai sami yabo ba. In za ka sake bincike, fara da addu'ar Zabura 139:23, ta roƙon Allah ya bincike zuciyarka, sa'an nan ka tambayi mutum biyu da suka san ka, ba sa kuma jin tsoronka.

Wata 'yar'uwa:
Baba, ni har yanzu ina tsakiyar nawa. Ina da tausayi, ba na iya cewa a'a, har mutane na ɗora mini abin da ya fi ƙarfina, ni kuma ina murmushi ina ciwo a ciki. Ban rabe tsakanin ƙauna da tsoron ɓata wa mutane rai ba tukuna. Wanda ya taɓa bi ta nan ya gaya mini yadda ya yi, ku kuma sa ni a addu'a.