Ina jin tsoron yin shaida a wurin aiki, ku ba ni shawara

Dan_Samaru: Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni tela ne, mu biyar a shago, ni kaɗai ne Kirista. Jiya wani abokin aikina ya tambaye ni me ya sa muke bikin Ista, kawai sai bakina ya mutu na ce ai hutu ne, tun jiyan nan abin yana cina a rai har na kasa bacci. Yaya kuke samun ƙarfin hali dan Allah?

Mama_Zumunta: Ɗana kar ka kashe kanka da damuwa. Bitrus fa sau uku ya yi musun Ubangiji a dare ɗaya, amma shi ɗin ne ya miƙe ranar Fentikos ya yi wa'azi mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Karanta Ayyukan Manzanni 4:29, su ma manzannin sai da suka roƙi gabagaɗi, ba da shi aka haife su ba.

Yar_Wusasa: Gaskiya Mama. Ni dai abin da zan ƙara, shi ne fa ya tambaya, ba kai ka tsokano ba. 1 Bitrus 3:15 ta ce mu amsa da tawali'u da ladabi, to ka ba shi amsa a hankali, kar ka taɓa addininsa ko kaɗan, kuma ba a gaban kwastomomi ba, sai kun zauna shan shayi ku biyu.

Dan_Samaru: Na gode Mama, na gode 'yar'uwa. Gobe in Allah ya kai mu zan ce masa ban ba shi cikakkiyar amsa ba. Ku sa ni a addu'a.