Wai da gaske akwai maganin ɗigawa da zai raba mutum da gilashin karatu?

Abban_Hanif:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ku taimaka min. Shekarata 46, yanzu idan zan karanta saƙo a waya sai na miƙe hannu can nesa kafin rubutun ya fito, ƙananan rubutun jikin kwalin magani kuwa ba a magana. An ce in sayi gilashin karatu amma ni wlh ba na son abin da kullum zan riƙa neman inda na ajiye shi. To sai na ji wai a Amurka an fito da magani, ɗigo ɗaya da safe shikenan ka yini kana karatu ba gilashi. Gaskiya ne ko talla ce kawai? Kuma yana warkarwa gaba ɗaya?

Maman Walid:
Wa alaikumus salam Malam. Akwai shi, amma maganar warkarwa cire ta tukun. Abin da ke damunka ba cuta ba ce, shekaru ne, madubin da ke cikin ido tun yarinta yana da laushi yana lanƙwasuwa ya kamo abin da ke kusa, da an haura 40 sai ya fara tauri, kowa sai ya je wajen idan da rai. An ƙiyasta a 2015 mutum kusan biliyan 1.8 ne ke fama da wannan a duniya, ka ga ba kai kaɗai ba ne.

Na farkon sunansa Vuity, hukumar kula da magunguna ta Amurka FDA ta amince da shi a watan Oktoban 2021. Kuma fa ba ya dawo wa madubin da ya yi taurin da laushinsa, babban abin da yake yi shi ne ya tsuke 'yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido. Gwada yanzu ka gani, dunƙule hannunka ka bar 'yar mitsitsiyar kafa, rufe ido ɗaya ka leƙa rubutun wayarka ta ciki, za ka ga haruffan sun washe. To babbar dabarar kenan. Yana fara aiki bayan kamar minti 15 ya kai awa 6, daga nan ido ya koma yadda yake, gobe ka sake ɗigawa. A Yulin 2025 kuma aka amince da wani mai suna Vizz wanda kamfanin ya ce yana kaiwa awa 10.

Sani_Direba:
Hajiya tsaya mana, idan ƙofar ta tsuke ai hasken da zai shiga ma ya ragu ko? Mu da muke tuƙin dare fa?

Maman Walid:
Yauwa ka gano ta. Shi ya sa a takardar maganin kanta an ja kunne kan tuƙin dare da aiki a wurin da ba haske sosai. Ga ciwon kai musamman ta saman gira, ga jan ido. Wanda ya fi tsoratarwa duk da ba kasafai ba shi ne tantanin bayan ido ya yage ko ya ɓalle, kuma masu gilashin hangen nesa mai ƙarfi sun fi shiga haɗarin, don haka sai likita ya buɗe idon ya leƙa bayansa kafin a rubuta maka. Sannan a gwajin da aka yi wa Vuity da mutum 750 'yan shekara 40 zuwa 55, kusan uku cikin goma ne kawai suka samu ƙarin layi uku a allon gwajin ido, ba kowa yake yi wa aiki yadda ake zuzutawa ba. Ni dai a ganina abin kwalliya ne na mai halin saye kullum, gilashin da za ka saya sau ɗaya ya fi shi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

Baba Mai Ritaya:
Ku yara abin dariya, sinadarin da ke cikin Vuity ɗin nan, filokafin, tun wajajen 1870 da 'yan kai likitoci ke ɗiga wa masu hawan jinin ido shi, sabon kwali kawai aka yi masa aka daidaita ƙarfinsa. Ni abin da nake so Abban Hanif ya ji daban ne. Ɗana, kar ka tsaya kan gilashi ko ɗigo, je a auna maka ƙarfin ruwan ido a duba jijiyar. Hawan jinin ido yawanci ba ya ciwo ba ya ƙaiƙayi, ta gefe yake fara cin gani, ni ban san ina da shi ba sai da na fara karo da bakin ƙofa ta hagu, kuma abin da ya tafi ya tafi kenan ba ya dawowa. Idan akwai mai shi a danginku ko kana da ciwon suga to kar ma ka jira wata mai zuwa. Yanzu ma an samu sauƙi, akwai wani aikin leza na 'yan mintuna da tun 2022 a Ingila ake ba da shawarar a fara da shi kafin maganin ɗigawa. Kuma dan Allah a daina sayen maganin jan ido kai tsaye ana ɗigawa wata da watanni, da yawansu akwai wani sinadari mai suna sitiroyid a ciki, shi kansa yana hawar da ƙarfin ido ya kuma jawo yanar ido.

Ummu Aisha:
Baba tunda an taɓo yana, mahaifiyata tana tsoron aiki ƙwarai, akwai wanda ake ɗigawa ya narkar da ita?

Maman Walid:
Babu 'yar'uwa. A 2015 an yi ta hayaniya kan wani sinadari da aka gwada a idon zomaye da karnuka, amma har yau ba a amince da wani ɗigo da ke narkar da yanar ɗan Adam ba, duk wanda ya tallata miki haka kuɗinki yake so. Aikin ne maganinta, yawanci bai kai rabin awa ba, idon kawai ake kashewa ba a sa mutum barci, kuma ranar za ta koma gida. Ki samo wata tsohuwa da aka yi wa ta zauna da Mama su yi hira, ya fi duk bayanin da ke za ki yi mata.

Abban_Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada na hannun, wlh rubutun ya fito tar har yara na min dariya. Baba, kawuna ya makance a hankali ba mu taɓa sanin dalili ba, zan je a auna ni satin nan in sha Allah. Awon ƙarfin idon yana da zafi ne, ko iska kawai ake hurawa?