"Waiwaye adon tafiya": har ga wanda ya tuba?

Tsohon Ɗan Acaɓa, Agege:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku raba mini gardama. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022 aiki ya tsaya mini, na faɗa shaye-shaye da caca, har na cinye kuɗin adashin wata baiwar Allah mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Ubangiji ya tsamo ni, bara aka yi mini baftisma. Ran Lahadi fastonmu ya yi wa'azi a kan Luka 9:62, cewa wanda ya kama keken noma yana duban baya bai dace da Mulkin Allah ba. Da na ba kawuna labari sai ya ce, "Ɗana, waiwaye adon tafiya." To wanne zan kama?

Maman Biyu, Idi-Araba:
Ƙanena, kama ta fasto. Matar Lutu sau nawa ta waiwaya? Sau ɗaya tak, ta zama ginshiƙin gishiri, har Yesu da kansa ya ce a tuna da ita a Luka 17:32. Wannan karin magana ta matafiyi ce da ya bar gidan kirki yana kewar mutanensa. Kai me ka baro da za ka waiwaya? Goge lambobin abokan nan daga wayarka yau ɗin nan.

Malamin Makarantar Lahadi, Obalende:
Mama, ban ƙi taki ba, amma ina ganin an taƙaita ma'anar. Bahaushe na faɗin wannan magana ne don mutum ya tuna inda ya fito, kada ya yi girman kai, kada ya manta waɗanda suka yi masa alheri. Littafi Mai Tsarki ma ya umarci irin wannan tunawa. A Maimaitawar Shari'a 15:15 an ce wa Isra'ilawa su tuna bayi ne su a Masar, Ubangiji ya fanshe su. Amma a Littafin Ƙidaya 11:5 mutanen nan dai suka zauna a jeji suna kukan kifi da albasa da tafarnuwar Masar, fushin Allah ya sauka. Masar ɗin ɗaya ce. Wani ya tuna ta ya yi godiya, wani ya tuna ta yawunsa ya tsinke. Tambayar da ɗan'uwanmu zai yi wa kansa ke nan in tsohuwar rayuwa ta faɗo masa a rai da dare.

Maman Biyu:
Malam, a bakinka da daɗin ji. Amma sabon tuba bai iya bambance su ba tukuna. Da sunan godiya zai fara tunani, ya ƙare a bakin mashaya. Na ga haka da idona a kan yaran unguwarmu, shi ya sa nake tsananta magana.

Ɗan Filato, Alaba Rago:
Ni dai Bulus nake bi. Filibiyawa 3:13, mantawa da abin da ke baya, miƙewa zuwa abin da ke gaba. Abin da ya wuce ya wuce.

Malamin Makarantar Lahadi:
Ɗan'uwa, fara surar daga sama. Abin da Bulus ya lissafa ya yar har da abin taƙamarsa: kabilar Biliyaminu, zamansa Bafarisiye, kiyaye Shari'a. Kuma mutumin nan ne ya tsaya gaban Sarki Agaribas a Ayyukan Manzanni 26 ya zayyana yadda ya tsananta wa masu bi, bai ɓoye komai ba. Bai manta ba, ya dai daina ɗaukar abin a ka.

Baba Dattijo, Mile 12:
'Ya'yana, kuna ta ayoyi, kun tsallake matar da aka cinye wa adashi. Ni ita ce ta tsaya mini a rai. Na san yadda matan nan ke fitowa tun asuba suna jiran motocin Arewa, kwandon tumatir ya ruɓe asara ta hau kansu, abin da suka tara a adashi shi ne kuɗin makarantar 'ya'yansu. A wurinka abin ya wuce, a wurinta bai wuce ba.

Ɗana, Allah ya gafarta maka, wannan ba na shakka, kada Shaiɗan ya riƙa tuhumarka da abin da jinin Yesu ya wanke. Amma Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa bai ce abin da ya wuce ya wuce ba. Ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. In ka yi shiru, ranar da matar nan ta gan ka riƙe da Littafi za ta ce tuban muzuru ne, kuma sunan Ubangiji ne zai sha zagi, ba naka kaɗai ba. Ina jin abin da kawunka ke nufi ke nan, kunya ta hana shi fitowa fili.

Maman Biyu:
A nan kam na bi Baba. Amma kada ya je shi kaɗai, tsofaffin abokansa duk a hanyar suke.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Baba, gaskiya ne, tsoron haɗa ido da ita nake yi. Gadi nake yi yanzu, albashin ba zai biya a lokaci ɗaya ba.

Baba Dattijo:
Ba a ce lokaci ɗaya ba. Ka sanar da fastonka, ka zo ka same ni ran Lahadi bayan sujada da abin da ya samu. Ni zan fara yi mata magana, kai ka roƙi gafara, sauran a yanka maka wata-wata a gaban shaidu.