MIL da Hausa: me zai hana mu ce "sanin makamar labari"?

1/ 'Yan uwa malamai da ma'aikatan gidajen rediyo na Kaduna, daga 24 zuwa 31 ga Oktoba kowace shekara ake makon duniya na abin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira MIL, wato "Media and Information Literacy" da Turanci. Abuja ce ta karɓi babban taronsa a 2022, a can kuma aka kafa ƙawancen duniya kan fannin tun 2013. Duk da haka sau da yawa in mai gabatar da shiri ya zo kan batun, sai ya furta haruffan nan uku da Turanci ya wuce. Ta yaya malamar firamare a Rigasa za ta koyar da abin da ba shi da suna a harshen ɗalibanta?

2/ Ga abin da ake nufi: mutum ya iya nemo labari ko bayani, ya auna shi, ya gane wanda ya ƙirƙiro shi da abin da yake nema, ya yi amfani da shi, shi ma ya iya fitar da nasa ba tare da ya cuci kowa ba. Jarida, rediyo, laburare, Facebook, TikTok, saƙon murya a WhatsApp, duk suna ciki.

3/ Wasu na cewa "ilimin kafafen yaɗa labarai". Wannan ya riga ya sami mai shi. Duk wanda ya ji zai ɗauka kwas ɗin aikin jarida ake nufi, irin wanda ake yi a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kaduna Poly. Mu kuwa mai sauraro muke nufi, har da mai shayi da ke bakin Kasuwar Barci.

4/ "Wayar da kai" ma bai yi mini ba. Wani ne ke wayar maka da kai: hukuma ta zo da lasifika, ta faɗa, ta tafi. Abin da muke nema kuwa ƙwarewa ce da za ta zauna tare da mutum bayan motar ta juya, har ya iya auna maganar hukumar ita kanta.

5/ Inda aka fi tuntuɓe shi ne kalmar ƙarshe ta sunan, wato "literacy", wadda aka saba fassarawa da "iya karatu da rubutu". Mun gaji wannan fahimta daga Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, kuma a zamaninsa daidai ne. Amma ku tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ibola. Cikin dare saƙonni suka yi ta yawo a wayoyi cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Kafin asuba gidaje da yawa sun ɗora tukunya. Wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. Waɗanda suka tura saƙon nan sun iya karatu sarai, wasunsu da digiri. Ƙauna ce ta sa suka tura wa iyayensu. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba: wa ya faɗa? Don haka duk sunan da ya tsaya kan iya karatu ya bar ainihin ciwon a waje. Ya kuma cire Inna da ba ta yi boko ba, alhali rediyonta na kunne tun safe, kuma ita ce ta fi kowa karɓar saƙon murya.

6/ Wata malama ta kawo "tankaɗe da rairayar labarai". Malama, wannan ya yi daɗin baki, kuma zan riƙe shi, sai dai a matsayin sashe: aikin raba tsaki da tsakuwa. Bai ƙunshi nemo bayani ba, bai kuma ƙunshi abin da kai za ka wallafa ba. Haka "tantance labarai".

7/ Shawarata: sanin makamar labari. Ba baƙuwar magana ba ce, kullum muna cewa an ba sababbin ma'aikata horon sanin makamar aiki. Makama wurin kamawa ce. Wuƙa ɗaya ce, wanda ya kama ƙota ya yi aiki, wanda ya kama kaifi ya yanke. Labari ma da inda ake kama shi, ko za ka karɓa ko za ka miƙa wa wani.

Sannan tana lanƙwasuwa yadda Hausa ke so. "Yaron nan ya san makamar labari." "Ba ta san makamar labari ba, kome ta gani sai ta tura." A takardar hukuma ko manhaja a rubuta cikakke: Ilimin Sanin Makamar Labarai da Bayanai.

8/ Wani dattijo ya ce "labari" na iya karkata zuwa tatsuniya. Baba, gaskiyarka, shi ya sa na sa "bayanai" a dogon sunan. A baki kuwa gajeren ne zai rayu, kamar yadda "yanar gizo" ta rayu.

9/ Ga yadda nake hango shi a aji biyar. Malami ya kunna saƙon murya da ke cewa an hana cin wani abinci. Ya tambayi yara: muryar wa ce? Ya faɗi sunansa? Yaushe aka naɗa, a wane gari? Me zai samu in muka tura? Wa za mu tambaya a asibitin unguwa? Yaran da suka je Islamiyya ba za su ji baƙunta ba, don sun san ana bin isnadi kafin a karɓi hadisi, sun kuma san aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari.

10/ Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, a nan Kaduna take, gidajen rediyon Hausa ga su birjik. Masu shirye-shirye, ku gwada kalmar a iska kafin Oktoba, ku buɗe layi, ku ji ko masu kira za su maimaita ta da bakinsu ba tare da an yi musu bayani ba.