Hoton bizar Amurka: a je shagon hoto ko a ɗauka a gida?

Yayar Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Za a cike wa ƙanwata fom ɗin bizar Amurka. Hoton waya zai wadatar, ko dole sai an je wurin mai hoto?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam Hajiya. Waya ta isa in an bi ƙa'ida. Inci 2 tsawo, inci 2 faɗi, farin bango, kuma kada hoton ya wuce wata 6. Daga haɓa zuwa saman kai ya kama milimita 25 zuwa 35. Tun 2016 aka hana tabarau. Hijabi ba matsala, muddin fuska ta fito daga goshi har haɓa.

Mai Kyamara: Abin da ya fi jawo a ƙi hoton gida inuwa ce. Ta matso kamar taku biyu daga bango, ta fuskanci taga da hantsi, a kashe filashi. Wani ya ɗauke ta da kyamarar baya daga nisan mita ɗaya da rabi, wayar daidai idonta. In da kanta ta ɗauka, kusancin zai kumbura hanci. A kashe abin gyaran fata. Kada ta sa farin hijabi, zai saje da bangon. Wanda za a ɗora a fom: ya zama nau'in fayil ɗin hoto na JPEG, aƙalla fiksel (ɗigon hoto) 600 tsawo da 600 faɗi, kuma nauyinsa kada ya haura 240 KB (kilobait).

Baban Sadiq: Wankin kam, Hajiya, a kai shago, don takardar hoto ake so. Sai dai a faɗa musu na Amurka ne, in ba haka ba ƙaramin fasfo da suka saba za su yanko.