Masu fiyano na Kano, ya kuke sauya sauti a tsakiyar waƙa ba tare da ya tsinke ba?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum manyanmu da abokan sana'a. Tambaya ce da ni kuma ina so kowa ya faɗi yadda shi yake yi da hannunsa, ba abin da ya ji ana faɗa ba. In kana kiɗa a majalisi ko wajen dina, mawaƙi yana cikin baiti kai kuma kana riƙe masa da sitirin, wato sautin goge na fiyano, to amshi ya zo kana so ka koma algaita ko sarewa, ya kake yi sautin farko ya sauka a hankali na biyun ya shigo ba tare da an ji wannan ɗif ɗin ba? Ni fiyanon Yamaha PSR-S670 nake kaɗawa. A situdiyo ba matsala tunda ana yanka a gyara a kwamfuta, amma a gaban jama'a abin da ya fita ya fita, kuma mawaƙa ba sa son wannan ramin ko kaɗan.

Baba na Fagge:
Wa alaikumus salam ɗana. Na fara da tambayarka, da me kake sauyawa? In har kana shiga jerin sautuka kana murza dayal a tsakiyar waƙa to nan ne matsalar ta fara, ba fiyanon ba. Waɗannan maɓallan takwas da ke gabanka na rijistireshan, inda ake adana saiti a kira shi da dannawa ɗaya, ba ado ba ne. Ni ba na fita aiki sai na zauna da mawaƙin ko da a waya ne ya rera min waƙoƙin da zai yi, in jera su, 1 shigowa, 2 baiti, 3 amshi, 4 inda zai yi kirari a sassauta kiɗa, haka har inda waƙar ta tsaya. Kowace waƙa da bankinta, wato nata jerin maɓallan takwas ɗin, da sunanta. Yatsa ɗaya, dannawa ɗaya.

Sai dai abin da yara da yawa ba su lura da shi ba, lokacin da za ka adana, fiyanon yana nuno maka akwatuna ka zaɓi me da me zai riƙe, sauti ne kawai ko har da sitayil, wato gangunan da bes ɗin da fiyano ke kaɗawa da kansa, da gudun kiɗa da taransifos mai ɗaga kiɗa ko sauke shi. In ka bar su duka a cike to ranar aiki mawaƙi ya ce maka muryarsa ta shaƙe ka sauke masa kiɗa da biyu, ka sauke, kana danna 3 sai fiyano ya koma inda aka adana shi tun a gida, mawaƙi yana ƙasa kai kana sama. Na ga an yi wa wani yaro haka a wani majalisi a Gwammaja, mawaƙin ya juyo ya kalle shi kallo ɗaya, wallahi tausayin yaron ya kama ni don hannunsa yana da kyau, saiti ne kawai ba a koya masa ba. Maganinsa firiz, maɓallin da ke hana abin da ka zaɓa sauyawa. Ka shiga ka yi wa taransifos da gudun kiɗa da sitayil alama, ka kunna maɓallin, duk rijistireshan ɗin da ka danna sautin hannun dama ne kaɗai zai sauya, ganguna suna tafiyarsu.

Ɗan Kurna:
Allah ya ƙara girma Baba. Rijistireshan ina amfani da shi amma gsky firiz ɗin ban taɓa shiga saitinsa ba. Toh amma ko da shi ina jin sautin yana yankewa, musamman in akwai eko da yawa.

Injiniyan Zoo Road:
Bari in shigo nan don wannan ɓangaren nawa ne, kullum ina kan mikisa ina jin abin da ku makaɗa ba kwa ji daga inda kuke. Ƙanena abin da kake ji yana yankewa yawanci ba sautin kansa ba ne, jelarsa ce. A cikin fiyano akwai eko na gaba ɗaya wanda kowane sauti yake bi ta cikinsa, akwai kuma DSP wanda ake ɗora wa sauti guda shi kaɗai, kamar wanda ke sa ogan yana juyawa ko jita tana ƙara. Waɗannan DSP ɗin ƙidayayyu ne, injin ba shi da na ajiya. Da ka danna maɓalli ya ga sabon sauti yana son wani DSP daban, sai ya ƙwace na tsohon nan take ya loda sabo, duk abin da ke cikin iska a lokacin sai ya faɗi, wani sa'in ma ka ji tsohon sautin ya yi tsalle da ƙarfi na daƙiƙa ɗaya tunda an cire masa abin da ke danne shi.

Don haka gwada wannan yau da daddare. Duk rijistireshan ɗin waƙa ɗaya ka tabbatar nau'in ekon gaba ɗaya iri ɗaya ne a cikinsu, yawan da kake tura wa kowane sauti shi za ka bambanta. Sarewa ka ba ta da yawa, bes kaɗan ko babu. In nau'in bai sauya ba jelar sitirin za ta ƙarasa sauka da kanta yayin da algaita ta riga ta shigo. Sautin da ba dole sai da DSP ba, kashe masa. In kuma mai mikisa yana da eko nasa mai kyau, ku yi magana kafin a fara, ka rage naka ya sa maka daga can, tunda nasa ba ruwansa da abin da kake dannawa.

Na biyu kuma wanda ya fi ba ni wahala da makaɗa, ƙarfin sauti. Mutum ya saita komai da abin kunne a ɗakinsa, ya zo fili an jona manyan sifiku, sitirin yana can ƙasa ina ƙara masa, kawai sai ya danna algaita ta fito kamar za ta fasa kunnen iyayen amarya da ke layin gaba. Ko ba a sami tsinkewa ba wannan tsallen ya ɓata sauyin. Dan Allah ku riƙa zuwa da wuri a gwada kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya ta sifikar da za a yi aikin da ita, a daidaita, a sake adanawa. Sautukan gida da ake sa wa fiyano ta filash, kalangu da kotso da algaita da sauransu, su ne suka fi wannan halin don kowa da yadda ya ɗauko nasa, wani da ƙarfi wani a shaƙe.

Mai Bege Dorayi:
Ni dabarata ta talaka ce. Ba na ma sauya sauti in dai ba ya zama dole ba. Tun kafin a fara nake ɗora biyu, Right 1 sarewa, Right 2 sitirin, hagu kuma na raba allon na sa wani abu mai laushi yana riƙe kod, wato sautukan da ake dannawa tare. Sai in riƙa kunna wannan ina kashe wancan da maɓallansu na gaba, ba abin da ake lodawa sabo balle ya yanke. A majalisin bege waƙa ɗaya tana iya ɗaukar lokaci mai tsawo, sha'iri yana ƙaro baiti yadda ya ga jama'a sun ɗauka, ba za ka san inda zai tsaya ba balle ka jera masa 1 zuwa 8 yadda Baba ya ce. Ba wai ina ja da Baba ba ne, na dina da aka san tsarin waƙa nasa ya fi. Amma a namu sai ka bar hannunka a sake.

Kuma lokacin dannawa shi ne rabin aikin. Ni numfashin sha'iri nake bi. In ya kai ƙarshen baiti zai ja iska kafin 'yan amshi su karɓa, a wannan ɗan tsakanin nake ɗaga hannun dama gaba ɗaya, in danna, in dawo. Ganga tana tafiya, hagu yana riƙe, ba wanda zai ji rami. Wanda yake dannawa alhali yatsunsa suna kan allo shi ne yake jin ɗif. Sannan in kana lanƙwasa sautin algaita da wilin gefe, sake shi ya dawo tsakiya tukuna.

Baba na Fagge:
Gaskiyarka malam, ban musa ba. Na majalisi daban ne. Ni ma in fil ɗin ganga, wato ɗan rugugin da ke raba baiti da amshi, zai shiga a nan nake ɓoye sauyin, kalangu yana rugugi kunnen mutane yana can.

'Yar Kwaya, Sabon Gari:
Sannunku yayyena, ku ba ni dama in sa baki. A coci nake kaɗawa, mu kuma matsalarmu ta fi taku fitowa fili don akwai lokacin da ba ganga ko ɗaya, ana addu'a fiyano kaɗai ke tafiya a hankali, in ya yanke kowa ya ji. Da muna da ƙaramar PSR-E463 abin da na lura shi ne in na haɗa sauti biyu na taka fedar sastan mai riƙe sauti na daɗe, sai wasu sautukan su fara ɓacewa da kansu tun ban taɓa komai ba. Ashe iyakarta sauti 48 a lokaci guda, kuma in ka haɗa biyu kowane yatsa yana cin ninki, sitayil ma daga nan yake ci. Manyan irin su S970 da SX900 suna da 128. Wanda ke da ƙarama ya rage taka feda, ya rage haɗe-haɗe, zai ji bambanci.

Yanzu MODX muke da ita, tana da abin da Yamaha suke kira SSS, za ka riƙe kod ka sauya zuwa wani sauti daban tsohon yana nan da ekonsa har sai ka ɗaga hannu. Amma da sharaɗi, kar haɗin ya wuce sassa 4, a babbar yayarta Montage kuma 8. In ya wuce zai yanke kamar kowace fiyano. Abin da na fi so ma shi ne fedar ƙara sauti, FC7, na ɗora sitirin a kanta, ina kaɗa fiyano da hannu biyu ina shigo da shi da ƙafa kaɗan kaɗan har ya cika ɗakin, in lokacin sauka ya yi in janye. Wannan ko a PSR mai ramin feda biyu za a iya.

Ɗan Kurna:
Aunty kenan in na tara kuɗi MODX ɗin zan nema?

Oga Sharaɗa:
A'a ƙanena tsaya tukuna kar ka yi saurin sayar da taka. Ita Aunty suna da mai ganga da mai bes a coci. Kai kuwa kai ne gangar kai ne bes ɗin, sitayil kake dogaro da shi, su Montage da MODX ba irin fiyanonmu ba ne masu bin kod ɗin hagu da Main A zuwa D, wato sassan sitayil, da intro da endin. Haka Korg Kronos, tun 2011 take da nata mai suna SST kuma wlh yana aiki, na taɓa ta a wani situdiyo na riƙe sauti na sauya ban ji ko ƙis ba, Nord Stage 3 ma tana yi, amma duk ba na mai kiɗan biki shi kaɗai ba ne. A cikin masu sitayil Korg Pa5X da ta fito a 2022 ita ce aka sa mata irin wannan, kuɗinta kuwa sai dai a yi shiru. Ni da S970 nake cin abinci shekara da shekaru kuma ba mawaƙin da ya taɓa cewa na yanke masa waƙa.

Abin da ya canza min aiki feda ce ta biyu, ƙaramar nan FC5. A fiyanon akwai inda za ka jera rijistireshan yadda za su biyo juna, misali 1, 2, 3, 2, 3, 4, sai ka ce feda ce za ta riƙa turawa gaba. Hannayenka ba sa barin allo, ƙafa ke yi. Sai dai ka manna ta da salatif a ƙasa don a kan tayil tana gudu, kuma ka raba ta da ta sastan sosai yadda ƙafa ba za ta ruɗe ba cikin duhu. Wani abu kuma, OTS Link. In yana kunne duk sanda ka tashi daga Main A zuwa B sai ya sauya maka sautin dama da kansa zuwa abin da mai sitayil ɗin ya ga dama. In ba kai ka tsara sautukan nan huɗu na Main A zuwa D da hannunka ba, kashe shi. Da yawa suna cewa fiyanonsu yana da aljanu, wannan ɗan maɓallin ne.

Injiniyan Zoo Road:
Oga ka tuna min da maganar feda. In wuta ta ɗauke aka koma janareto, kar ƙafarka ta kasance a kan feda lokacin da kake kunna Yamaha, fedar juyewa take yi, ka saki ta riƙe ka taka ta saki. Na ga makaɗi yana ta zufa a wani kamu a Hotoro sauti duk ya cakuɗe yana zaton fedar ce ta lalace. Kashewa kawai za ka yi ka ɗauke ƙafa ka sake kunnawa.

Mai Bege Dorayi:
Haka ne. Ga kuma kashe kansa da fiyano yake yi in an yi minti 30 ba a taɓa shi ba. A dina in aka shiga jawabin iyaye da nasiha ga ango da amarya sai a ci wannan lokacin, MC ya ce makaɗi bismillah ka tarar sikirin baƙi, duk ɗan gyaran da ka yi a wajen ba ka adana ba ya tafi. A saiti ana kashe wannan, ko ka danne maɓallin kiɗa na farko na can ƙarshen hagun allo yayin kunnawa. Ni kuma ina manna farar takarda a saman maɓallan in rubuta sarewa, algaita, sitirin da babban alƙalamin maka, don da rana a fili hasken rana yana kashe sikirin, da hunturu kuma ƙura ta lulluɓe shi.

Baba na Fagge:
Ɗan Kurna, ranar Asabar bayan la'asar muna bita, ka zo da fiyanonka da filash ɗinka da waƙa ɗaya da ta fi ba ka wahala. Za mu jera ta tare, Injiniya in ka samu sarari ka leƙo da ƙaramar sifikarka a daidaita masa ƙarfin algaitar nan. Ka kwafe abin da ke cikin filash ɗin a waya ko kwamfuta kafin ka taho tunda za mu taɓa saitin.

Ɗan Kurna:
In sha Allah Baba zan zo, na gode ƙwarai da gaske, Allah ya bar zumunci. Oga Sharaɗa dan Allah FC5 ɗin in zan duba a kasuwar Sabon Gari ya zan bambance ta asali da jabu, kuma ta hannu tana yi ko sai sabuwa?